Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, Shugaban Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa (NITDA): Wa Ya Tambayi Gwaggo?



Ranka ya daɗe, da gangan na zaɓi in rubuto maka da Hausa. Na san a ofisoshin Abuja da Turanci ake irin wannan magana, amma mutanen da nake son in yi magana da yawunsu ba da Turanci suke kuka ba, kai kuma ɗan Haɗejiya ne, ba ka bukatar tafinta. Ni malamin sakandare ne a Kano. Abin da ya jefa ni cikin wannan harka shi ne, a danginmu ni ake miƙo wa waya a ce, "Duba mini, me wannan abin yake cewa?"

Bara, bayan ƙaramar salla, na raka gwaggona kasuwar waya ta Farm Centre. Ta haura shekara sittin, tana sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida, 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗin babbar waya domin ta riƙa nuna wa masu saye kaya, ta huta da aiken yara da ƙunshi unguwa-unguwa. Muka yi ciniki, muka biya. Sai yaron shagon, wanda da ƙyar in ya kai shekara ashirin, ya ce a kawo ya haɗa mata. Ya buɗe mata imel da sunan da ya zo masa a rai, ya zaɓa mata kalmar sirri, ya rubuta a bayan rasit. Ya shiga sauke manhajojin da kowa ke amfani da su. Duk inda rubutu ya fito, babban yatsansa ya riga idona zuwa. Ana neman lambobin mutanen da ke cikin wayar, ya danna. Ana neman hotuna, ya danna. Ana neman sanin inda take, ya danna. Kafin ta shanye ruwan ledar da na saya mata, ya danna maɓallin amincewa fiye da sau goma. Da na ce, "Samari, dakata mu ga abin da suke tambaya," sai ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Malam, in ba a danna ba ai ba za ta yi ba." Gwaggo kuwa tana gefe tana ta sa masa albarka.

Ban ga laifin yaron ba, gaskiya ya faɗa, kuma haka yake yi wa mutane da yawa kullum. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ranar an rubuta a kundin wasu kamfanoni da ke can ƙetaren teku cewa wannan baiwar Allah ta karanta, ta fahimta, ta yarda.

Ranka ya daɗe, ni da kai mun tashi a inda aka san ma'anar yarda. Tun muna makarantar zaure aka koya mana cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai mai saye da mai sayarwa sun san abin da ake sayarwa, sun san farashinsa, sun kuma amince ba tare da tilas ba. Ko ɗan akuya za ka saya a Wudil sai ka shafa bayansa, ka duba haƙoransa, dillali ya haɗa hannunku a gaban shaidu. Ba a cinikin biri a sama. Abin mamaki, dokar ƙasarmu ma haka ta ce. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta ce amincewa sai ta zama da son rai, a kan abu takamaimai, bayan mutum ya san abin da yake amincewa da shi, kuma yana da damar janyewa duk ranar da ya so. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya riga ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. To, auna abin da ya faru a shagon nan da wannan mudu. Wane sharaɗi ɗaya aka cika?

Na san abin da ake cewa idan irinmu suka nuna shakku: wai jahilci ne, wai tsoron zamani ne, wai mu 'yan Arewa dama haka muke da duk wani sabon abu. Ina so in tuna maka cewa wannan rashin yarda yana da tarihi, kuma kamfanonin ne suka rubuta tarihin da hannunsu. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19, ya shaida wa hukumomin Tarayyar Turai cewa ba zai iya haɗa asusun mutum na manhajojin biyu kai tsaye ba. Shekara biyu kacal, a 2016, ya fara haɗa lambobin wayar masu WhatsApp da asusunsu na Facebook, har Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 110 a 2017 saboda bayanin da ya ba ta ba daidai ba ne. A 2018 asirin kamfanin Cambridge Analytica ya tonu, aka gane cewa an kwashi bayanan masu Facebook da za su kai miliyan 87 aka yi amfani da su a harkar siyasa. Yawancinsu Amurkawa ne, amma mu ma kamfanin bai bar mu ba. Jaridun Ingila sun bayyana cewa wani attajirin Najeriya mai goyon bayan Goodluck Jonathan ya ɗauke shi aiki a zaɓen 2015, kuma cikin kayan aikinsa har da wani bidiyo mai cike da jini da aka shirya domin a tsorata masu zaɓe da Buhari da kuma shari'ar Musulunci. Ba a ce Jonathan ya san da aikin ba, amma wanda aka zana a matsayin dodo a cikin bidiyon ai mu ne. Sai a Afrilun 2021 aka watsa lambobin waya da sunayen masu Facebook miliyan 533 a intanet kyauta, kusan miliyan 9 daga cikinsu 'yan Najeriya. Facebook ya ce tsohon lamari ne, tun 2019 ya toshe ɓarakar, kuma ba shi da niyyar sanar da mutanen ɗaya bayan ɗaya. Mutum yana iya canza kalmar sirri, amma mutane nawa ne suka canza lambar waya tun 2019? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ya yi tsalle, ba a ce masa matsoraci.

Don in yi adalci, akwai abin da mutanenmu ke faɗa wanda ba haka yake ba. Da yawa sun ɗauka ana zaune ana sauraron saƙon muryar da suke tura wa juna a WhatsApp. Tun 2016 saƙonnin a kulle suke daga wayar mai turawa zuwa wayar mai karɓa. Abin da ake tarawa wani abu ne daban, kuma na sha wahala kafin in iya fahimtar da gwaggo. Daga ƙarshe na ce mata ta ɗauka akwai wata maƙwabciya da ke wuni a ƙofar gidanta. Ba ta jin abin da ake faɗa a cikin ɗaki, amma ta san wanda ya yi sallama, da lokacin da ya shiga, da daɗewar da ya yi, da sau nawa yake zuwa a mako, da irin takalmin da ya cire a bakin ƙofa. Bayan shekara ɗaya, wace magana ce ta gidan za ta ɓoyu gare ta? Ta san ranar da aka fara neman auren 'yarki, ta san ranar da mai gida ya kwanta ciwo, ta san wanda kuka ɓata da shi. Gwaggo ta riƙe baki ta ce, "Ai wannan ta fi mai laɓe sharri." Ita kuwa wannan maƙwabciya ba don gulma take tarawa ba, sana'arta ke nan. Kusan duk kuɗin da Meta, wato kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, ke samu daga talla yake fitowa, mai talla kuwa abin da yake biya shi ne a kai saƙonsa ga mutumin da aka riga aka san halinsa. Shi ya sa ba a karɓar kuɗi a hannunmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka san yadda Bahaushe ya gina gidansa. Akwai zaure inda baƙo ke tsayawa, akwai ƙofar gida, akwai cikin gida inda ba kowa ke shiga ba, kuma ko ɗan'uwa sai da sallama. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Idan dattijo zai yi maka addu'ar da ta fi kowace, cewa yake Allah ya rufa asiri. Don haka idan masana a taro suna maganar sirrin bayanai kamar wani baƙon tunani da aka shigo da shi daga Turai, raina yakan ɓaci. Mun san abin tun kafin a ƙera waya. Abin da ba mu sani ba shi ne cewa ƙaramin abin da muka saka a aljihu ya ratsa zaure ya wuce har ƙuryar ɗaki, ba sallama.

A nan dole in yaba wa gwamnati kan abu ɗaya. A Janairun 2021 WhatsApp ya turo wa mutane sanarwa cewa ko su amince da sababbin sharuɗɗansa kafin 8 ga Fabrairu, ko su rasa asusunsu. Duniya ta yi ca, aka ɗaga wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Mutanen Tarayyar Turai kuwa sharuɗɗansu daban ne, domin dokarsu tana da haƙora. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, wato FCCPC, tare da hukumar kare bayanai, suka shafe wata 38 suna bincike, kuma a Yulin 2024 aka ci Meta tarar dala miliyan 220. Daga cikin laifukan da aka lissafa akwai raba bayanan 'yan Najeriya ba da izininsu ba, da amfani da ƙarfin kasuwa wajen tilasta sharuɗɗa, da kuma nuna mana bambanci idan aka kwatanta da mutanen wasu ƙasashe. Kamfanin ya ce bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara, amma a Afrilun 2025 kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin. Indiya ma a Nuwamban 2024 ta ci shi tara kan waɗannan sharuɗɗa na 2021, don haka ba rigimar Najeriya kaɗai ba ce. Ranar da na ji labarin a rediyo na ji daɗi ƙwarai, domin karon farko ke nan da na ji wata hukuma tamu ta dubi ɗaya daga cikin waɗannan ƙattai ta ce ɗan Najeriya ba bora ba ne.

Amma dubi amsar da muka samu. Da tarar ta taru, ta FCCPC da dala miliyan 32.8 ta hukumar kare bayanai NDPC da wata ta hukumar kula da tallace-tallace, jimilla kusan dala miliyan 290, sai kamfanin ya rubuta a takardun kotu cewa mai yiwuwa ya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Na ga yadda wannan magana ta kaɗa hantar mutane. Mata nawa ne a Kano da Zariya da Sakkwato shagonsu kaf yana cikin waya? Masu ɗinki, masu girki, masu lalle, masu kayan ɗaki, 'yan Kantin Kwari da ke tura wa abokan ciniki hotunan yadi har Maraɗi da Damagaram da Njamena. Kamfanin ya san da haka, shi ya sa ya faɗa. A Turai an ci shi tarar Yuro biliyan 1.2 a 2023, a Amurka dala biliyan 5 a 2019, kuma yana nan a duka wuraren biyu bai tattara kayansa ba. Wanda ya bari ka gina rumfarka a filinsa, sannan ranar da alƙali ya kira shi ya ce zai rushe rumfar, ya nuna maka matsayinka a wurinsa. Daga baya, a Oktoban 2025, lauyoyin Meta da na NDPC suka shaida wa Babbar Kotun Tarayya a Abuja cewa sun amince su sasanta kan tasu rigimar. Sulhu alheri ne, ban ƙi ba. Sai dai wanda aka yi sulhu a kan haƙƙinsa ya cancanci a zaunar da shi a faɗa masa, da harshen da yake ji, abin da aka cimma da abin da zai canza a cikin wayarsa.

Maganar harshe ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A 2016 Facebook ya saka Hausa cikin harsunansa, muka yi ta murna. Shekara biyu bayan nan BBC ta yi bincike kan rikicin Filato na Yunin 2018, ta nuna yadda aka yaɗa hotunan gawarwaki na ƙarya a Facebook, waɗanda aka ɗauko daga wasu wurare da wasu lokuta, har suka taimaka wajen hura wutar da ta ci rayukan matafiya a kan hanya. Binciken ya gano cewa masu tantance labarai na cikakken lokaci da abokan aikin kamfanin suka ware wa Najeriya mutum huɗu ne, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Saka Hausa a kan maɓallai abu ne mai sauƙi, domin yana kawo sababbin masu shiga. Ɗaukar wanda zai saurari kukan Bahaushe da Hausa kuwa kuɗi yake ci. Mun ga wanda aka fara yi.

Bari in ba ka wani abu da ya faru a gabana. Wata safiya ina ɗakin malamai saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Hoton wani abokin aikina ne, wanda muke cin abinci a kwano ɗaya, an rubuta a ƙasa cewa ɓarawo ne, macuci, duk wanda ya san shi ya guje shi. Kafin in ɗaga kai, wayoyin malamai uku sun yi ƙara. Ashe matarsa ce ta haihu ta tiyata, albashi bai zo ba, ya ci bashin kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba daga wata manhajar bashi, ya makara kwana kaɗan. Lokacin da yake saukar da manhajar, cikin ruɗewa a barandar asibiti, ya danna mata izinin ganin lambobi da hotunansa. Saƙon ya je wa shugaban makaranta, ya je wa limamin unguwarsu, ya je wa surukinsa. Ya biya kuɗin a ranar, mu muka haɗa masa. Amma mutumin da ke jan mu salla in liman ba ya nan ya koma sahun baya, kuma ya yi wata guda ba ya iya haɗa ido da kowa. Babu tarar da za ta mayar masa da wannan.

Na san ba ka jahilci irin wannan ba, domin hukumarka ce a Agustan 2021 ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 kan irin wannan tonon silili, FCCPC ma ta kai samame ofisoshin wasu a 2022. A 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan mutane a wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya. Madalla. Sai dai wannan mataki ya nuna cewa makullin ƙofar yana hannun mai rumbun tun farko, kuma sai da kuka ya yi yawa aka juya shi.

Yanzu, ranka ya daɗe, ka yi mini haƙuri in juyo gida, domin in na tsaya a kan kamfanonin waje kaɗai na ha'ince ka. Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Mun yi layi a rana, tsofaffi sun zauna a ƙasa tun asuba, an ɗauki zanen yatsunmu da hoton fuskarmu, aka ce don tsaronmu ne. A 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative suka bankaɗo wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa, har ƙungiyar ta ce da naira ɗari-ɗari ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Dakta Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanai, Dakta Vincent Olatunji. Naira 100 ko ƙosai ba ta ƙosar da yaro. Idan haka ta faru da masu gadin rumbun, ina labarin gwaggo? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin waje aƙalla yana iya fakewa da cewa mun danna maɓalli. Gwamnati kuwa ba ta ba mu zaɓi ba, don haka amanar da ke wuyanta ta fi nauyi.

Akwai kuma abin da kai da kanka shaida ne a kansa. A farkon Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, cikin kwana biyu aka sanar da dakatar da kamfanin, aka shafe wata bakwai a rufe. Kai ka jagoranci kwamitin ƙwararru da ya tattauna da su, kai ka fitar da sanarwar buɗewa a Janairun 2022, daga baya kuma kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. Ban kawo wannan don in tayar da tsohon miki ba. Na kawo shi ne domin talaka ya ga abu biyu, ya kuma auna. An taɓa saƙon shugaba, cikin kwana biyu gwamnati ta motsa. An watsa lambobin 'yan ƙasa miliyan 9 wata biyu kafin nan, bai ji irin wannan motsi ba. Kuma ina so ka fahimce ni da kyau, ba rufewa nake roƙo ba. Rufe manhaja hukunci ne a kan mai sayar da turaren wuta kafin ya zama hukunci a kan mai kamfani.

Na san ikon hukunta masu wasa da bayanai yanzu yana hannun NDPC, ba hannunka ba. Amma a gidanka aka haifi ƙa'idar kare bayanai ta 2019, ma'aikatarku ɗaya, kuma ƙa'idar aiki ta 2022 da ta shafi manyan dandalin intanet taka ce. Ita ta wajabta musu yin rajista a Najeriya, da samun adireshi, da naɗa jami'in da gwamnati za ta riƙa tuntuɓa. Ke nan gwamnati ta samu ƙofarta. Ina ƙofar talaka? Hukumarka ta sanar cewa a 2023 kaɗai kamfanonin da suka kawo rahoto sun rufe asusu sama da miliyan 12 a ƙasar nan. Na yarda da yawa na 'yan damfara ne, Allah ya ƙara. To wanda aka rufe wa bisa kuskure fa, ko wanda ɓarayi suka yaudare shi ya karanta musu lambobin tsaro shida da manhajar ke turowa wayarsa suka ƙwace asusunsa suna roƙon kuɗi da sunansa? Abin da yake da shi shi ne fom a intanet da amsar na'ura. Ina roƙonka ka sa a cikin ƙa'idar cewa duk dandalin da ke da miliyoyin masu amfani a ƙasar nan sai ya samar da mutum mai rai da zai karɓi koke da Hausa da Yarbanci da Ibo, da murya ba da rubutu kawai ba, cikin kwanakin da aka ƙayyade, kuma ya bayyana a rahotonsa na shekara mutum nawa ya ɗauka domin kowane harshe.

Na ce da murya domin ka san mutanenmu. Da yawa ba sa karatun boko, wasu ajami suka iya, kuma ko mu da muka yi boko ba ma karanta shafuka masu yawa na maganar lauyoyi. Amma kowa yana sauraron saƙon murya. Kamfanin da ya iya ƙera na'urar da ke gane fuskar mutum cikin taro ba zai gaza naɗar minti ɗaya da Hausa ba, inda za a ce: za mu ɗauki kaza da kaza, za mu ba wa su wane, in ba ka yarda ba danna nan kuma manhajar za ta ci gaba da yi maka aiki. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce gaba ɗayan maganar. In dai amsar yaron shagon nan tana nan daram, cewa in ba a danna ba ba za ta yi ba, to fassara sharuɗɗan ma bai ƙara mana komai ba sai sanin abin da aka ƙwata.

Sannan ka tuna da yaran nan na Farm Centre da takwarorinsu na kowane gari. Su ne ainihin ƙofar da mutanenmu ke bi su shiga intanet, ba manyan tarukan otal ba. Hukumarka tana yawan maganar koya wa 'yan ƙasa ilimin fasahar zamani. Ka fara da su, ta hannun shugabannin ƙungiyoyinsu na kasuwa. A koya musu su bar mai waya ya zaɓi kalmar sirrinsa, su kunna masa mataki na biyu na tsaro, su hana manhajar tocila ganin lambobin mutane, su gaya wa kowace tsohuwa kada ta karanta wa kowa lambobin da aka turo mata ko da ya ce daga banki yake. Yaro ɗaya da ya koyi wannan zai kare mutanen da ba za su taɓa jin sunan NITDA ba. Kuma ka yi magana da takwarorinka domin duk ranar da rumbun gwamnati ya yi yoyo a fito a faɗa, a sanar da waɗanda abin ya shafa, a hukunta wanda ya sayar, a faɗi sunansa kamar yadda ake faɗin sunan kamfanonin waje.

Da muka koma gida daga kasuwa a ranar, na zauna a tabarmar gwaggo na canza kalmar sirrin, na bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya na rufe abin da ke rufuwa. Wasu sun ƙi. Tana kallona har na gama, sannan ta ce, "To yanzu hotunan jikokina da zan ɗauka, su waye za su gani?" Na yi mata bayanin da zan iya, amma ta lura ina kame-kame, ta ce in bari kawai. Har yau tana sana'arta da wayar, cinikinta ya ƙaru, sai dai duk lokacin da za a yi maganar gida mai nauyi, takan kai ta ɗaki ta rufe a cikin kwalla ta dawo.

Ina roƙonka ka ware sa'a ɗaya ka shiga ɗaya daga cikin gidajen rediyon Kano ko Kaduna, a buɗe layi, ka amsa wannan tambaya tata da bakinka. Takan kunna rediyo bayan sallar isha'i, kuma zan gaya mata ranar.

Allah ya taya ka riƙon amanar da ke hannunka. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Kano